Taku Bakwai Tsakanin Jatau da Jini

A wani gari da ake kira Bari-Tukuna akwai asibiti guda ɗaya, Asibitin Sannu-Sannu. Ɗakin Gaggawa da Ɗakin Gwajin Jini suna kallon juna, taku bakwai ne tsakaninsu. Kwamiti ne ya auna.

A al'adar garin, ƙarami ke zuwa wurin babba. To Likita Ɗangaske na Gaggawa ya ce ya fi karatu, Malam Ƙosau na Gwaji ya ce ya riga shi kama aiki da wata biyu. Duk wanda ya tsallaka ya yarda shi ne ƙarami, shi da ma'aikatansa har mai shara. Shekara tara ke nan jini na cikin firji yana jiran a gane babba.

Wata Laraba da hantsi Barau mai faci ya kawo yayansa Jatau, injin niƙa ya kama masa hannu, jini ya zuba ba kaɗan ba.

Likita Ɗangaske ya duba, ya ce cikin fara'a, "Ledar jini ɗaya kacal, Malam. Je ka ce wa na can su kawo."

Barau ya tsallaka. Shi ba ma'aikaci ba ne, ba shi da girman da zai zube. Ya miƙa hannu aka ɗibi nasa, aka gwada, ya dace da na yayansa. Har lemo aka ba shi.

"Madalla," in ji Malam Ƙosau. "Ka ce su zo su ɗauka."

"Ranka ya daɗe, ba ni in kai."

"Kana da lambar aiki?"

"Jinina ne fa."

"Ɗazu ke nan. Yanzu na hukuma ne."

Barau ya koma. "Likita, a tura gadon Yaya can mana."

"In kai masa majinyacina har ƙofa? Gobe sai ya ce in riƙe masa buta."

Ya sake tsallakawa. "Malam, to ku mayar min da shi jikina, in taka da ƙafata."

Malam Ƙosau ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ƙarin jini aikin na can ne. Mu ɗiba muka sani."

Daga kan gado Jatau ya ce, "Barau, bar zirga-zirgar nan, kana sa ni jiri." Leɓensa ya yi fari fat.

"Saura kaɗan, Yaya."

Ya ruga ofishin Wakilin Tsakani, wanda Sarki Mai-Nazari ya naɗa don ya sasanta ɗakunan biyu. Wakili ya tarbe shi da murna.

"Ka zo a sa'a, ɗan samari! Majalisa ta gama nazari. Yau da la'asar za a yi Bikin Miƙa Jini, da ledarka za a buɗe. Kowa zai yi taku uku da rabi."

"La'asar, yallaɓai?"

"Ka san wahalar raba bakwai biyu?"

La'asar ta yi. Aka kafa rumfa, makaɗa suka zo, dogarai suka tura Barau cikin 'yan kallo. Manyan biyu suka fito, kowa ya yi taku uku, suka haɗu da ƙafa ɗaya a sama, suka riƙe ledar tare, aka ɗau hoto. Gari ya ɗauki tafi. Barau ma ya tafa, har da hawaye.

Ya kutsa ya bi ledar ciki. A kan gadon sai ya ga ƙanin Wakili, mai kumatu, cikin sabuwar riga, ya miƙa hannu yana murmushi. Majalisa ta ce majinyacin biki sai wanda hoto zai karɓa.

Barau ya tare wata nas tana gyara ɗankwali.

"Sista, ina yayana?"

"Mai hannun nan? Ai tun azahar aka sauya masa ɗaki, can bayan asibiti, wurin masu ajiye gawa. Kada ka damu, Malam, su ba su da rikicin girma. Ko kiransu ba mu gama yi ba, suka zo da kansu suka ɗauka."