Babin Dariyar da Ya Hana Ni Sukuni

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Masanan da suka rubuta mana littafin Turanci na bana, Allah ya ƙara wa alƙalaminku tawada.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ɗaliba mai sunkuyar da kai, ina fatan kana lafiya, kai da sauran malaman da suka taya ka wannan aiki mai nauyi. Na san nauyinsa, domin ni nake ɗaukarsa a jaka kullum.

A gafarce ni da na rubuto. Ni ba mai magana ba ce. A gidanmu ko baƙo aka yi, sai Umma ta jawo ni daga bayan labule kafin in gaishe shi. Amma takarda ba ta kallon mutum cikin ido, shi ya sa na samu ƙarfin hali.

Zan fara da godiya a kan faɗin da kuka yi wa littafin nan. Duk cikin littattafan makaranta babu wanda ya kai shi iya rufin asiri. Idan aka buɗe shi aka tsayar a kan tebur, littafin soyayya yana shigewa ciki ya zauna daram, ko gefensa ba a gani. Ban sani ba ko da gangan kuka auna. In da gangan ne, Allah ya saka da alheri.

Damuwata tana babin da kuka ware wa dariya. Kafin mu kai shi, abu biyu na sani a duniya: ko mutum da gaske yake, ko da wasa. Sai kuka jero mana kalmomin Turanci, kowace da gidanta. Wannan ta mai kaifin baki ce, wanda amsa ke fito masa nan take. Wannan ta mai faɗin abu yana nufin akasinsa. Waccan ƙanwarta ce, amma da dafi a wutsiya. Ga ta abokai, da ake jifan juna ba a jin ciwo. Ga wadda ake yi wa manya cikin ladabi don su gyara. Can ƙasan shafi kuma ga wadda ake yi da busasshiyar fuska, ko murmushi babu. Wannan ta ƙarshen ita ta gama da ni.

Ga abin da ya faru. Ranar Litinin malamin Turanci yana kan wannan babi, ni kuma ina cikin littafinku, wato ina cikin abin da ke cikin littafinku. Jarumin ya biyo jarumar tashar mota ana ruwan sama, ta riga ta sa ƙafa ɗaya a cikin mota. Sai na ji kamar daga nesa an ce, "Ke ta bakin taga, karanta mana misali na gaba." Na miƙe. Na karanta layin da idona yake kai, da wata murya da ban san ina da ita ba: "Ya hasken idanuna, in kin tafi, wa zai kunna mini rana gobe?"

Daga nan ne koke-kokena suka fara, kuma zan jero su yadda kuka koya mana jera magana.

Na ɗaya. Kun buɗe babin da cewa dariya tana ƙara lafiya. Lafiyar wa? Kun taɓa auna wanda ake yi wa ita? Aji ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, har da masu dukan tebur. Malam ya jira aka lafa, ya zare littafina daga cikin naku da yatsu biyu, ya ce, "Madalla da ɗaliba mai ƙwazo, ta bar mu a baya ta yi gaba." Wannan na gane gidanta nan take, mai dafi a wutsiya ce. Da a jarrabawa aka kawo ta da na cinye makin.

Na biyu. Wa ya gaya muku ta abokai ba ta ciwo? Tun ranar sunana ya ɓace a makaranta, kowa sai "Hasken Idanuna". Aminiyata da muke zama benci ɗaya ita ta fi kowa, in na ɓata rai ta ce, "Haba ƙawata, wasa ne fa!" Labari ya riga ni zuwa gida. Da aka ɗauke wuta, ƙanena ya ƙwala kira, "Yaya, zo ki tsaya a falo mu ga hanya!" Umma ta daka masa tsawa, amma da ta juya wajen tukunya na ga kafaɗunta suna rawa. Wace kalma kuka tanadar wa uwar da ke tsawa da baki tana dariya da kafaɗa? Na duba har bangon baya, babu.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wato Mai Ƙararrawa, yaron ajinmu da ke buga mana ƙararrawar tashi, mai zama a layin baya. Ba wai kallonsa nake ba. Gilashin taga ne ke nuna layin baya, kuma ba ni na sa gilashin ba. Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ƙararrawa a hannu, ya ce mini, "Ni dai ina son in ji ko ta tafi. Ki zo ƙungiyar karatu ranar Alhamis ki ƙarasa mana." Ya faɗa fuskarsa a bushe, ya wuce.

Ranka ya daɗe, da a watan jiya ne, da yarda kawai zan yi, in je gida in rungume filo. Yanzu kuwa kun sanar da ni akwai masu ba'a ba tare da sun motsa leɓe ba. To ta yaya ake bambanta su da mai gaskiya, tunda shi ma ba ya motsa leɓe? Kun ce a lura da yanayin murya da idon mai magana. Wane ido? Ni takalmina nake kallo. In bayanin takalmina kuke so, igiyar na hagu ta kwance. Littattafan da nake karantawa sun fi ku adalci. In jarumi ya tsokani jaruma, marubuciya takan raɗa mana cewa zuciyarsa na bugawa. Ku kuwa kun ba ni hanyoyin shakka kala-kala, ba ku ba ni ta tabbaci ko ɗaya ba.

Na tambayi yayata, ta ce, "Ke dai sokuwa ce. Tara dariyar yake ya kai wa abokansa." Na tambayi Kaka, ta ce, "Je ki mana, cizo yake?" Ku duba halin da kuka sa ni. In na je ya zama izgili ne, sunan nan zai bi ni har in gama makaranta. In ban je ba kuma ashe da gaske yake, na haɗa mutum ɗayan da bai yi mini dariya ba da sauran, na wulaƙanta shi a banza.

Na huɗu. Ko na je, me zan ƙarasa? Littafin yana hannun Malam. Jiya na tattara ƙarfin halina na je ofishin malamai in roƙe shi. Na yi sallama bai ji ba. Yana zaune, littafinku tsaye a gabansa, yana juya shafi, amma shafin da yake juyawa bai kai naku girma ba. Can ya cire tabarau ya goge ido. Na ja da baya a hankali, kada in katse masa shirin darasi. Ita kuma wannan a wane gida za a sa ta?

Saboda haka ina roƙon alfarma biyu a bugu na gaba. Ku ƙara shafi ɗaya, ko rabi ne, a kan yadda ake gane mutumin da ba wasa yake ba. Kuma don Allah kada ku rage faɗin littafin, ya zama abin amfanin ɗalibai da malamai. In kun ji kamar wasiƙar nan ta yi kama da wadda ake yi wa manya don su gyara, ni dai da ladabi na rubuto.

Na san bugu na gaba ba zai fito kafin gobe ba, gobe kuwa ita ce Alhamis. Don haka na tsara ƙarshen labarin da kaina. Jarumar ta sauke ƙafarta daga mota, ta dubi jarumin, ta ce, "Da gaske kake, ko da wasa?" Amsarsa ban rubuta ba. Gobe in na kai wannan layin zan ɗaga kaina daga takarda, in karanta shi ina kallon layin baya, ba ta gilashin taga ba.

Taka mai biyayya, mai durƙusawa har jakarta ta taɓa ƙasa,

Ta Bakin Taga,
wadda a halin yanzu ake kira Hasken Idanuna.