Yadda Za Ka Daɗe Kana Zaɓen Shafin Intanet Ba Tare da Kowa Ya Ga Zanenka Ba

Kai mai zane, ko mai ɗaukar hoto, ko duk wani mai cin gashin kansa da aikin hannu, matso kusa. An ishe ka da cewa ka buɗe shafi ka nuna wa duniya aikinka? Na san ciwon. In ka buɗe za a gani, in an gani za a yi magana, ko kuma a yi shiru, wanda shi ya fi zafi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka yi furfura kana "neman manhaja mai araha" idon ɗan Adam bai faɗa kan aikinka ba.

Na gwada su a kan ɗalibina Gemu, mai zane da fenti. Gidansu ɗaki biyu ne da falo, na biyun cike da zane-zanensa, duk ya juya fuskarsu bango. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana da tsohon ciki, kuma ta ja masa kunne: kafin ta haihu ɗakin zai zama na jariri. Ko zane-zanen su tafi gidajen masu saye, ko su koma akurkin kajin yayanta, inda rufi ke yoyo. Ka ga ke nan an matsa masa lamba, amma ya daure.

1. Yi shela tukuna

Faɗa wa kowa cewa shafinka yana nan tafe. Faɗa wa mai aski, faɗa wa surukai. Wanda shafinsa ke tafe ana yi masa kallon mai hangen nesa, wanda ya riga ya buɗe kuwa sai a shiga a ƙirga masa kurakurai. Ka zauna a "tafe", wurin akwai inuwa.

2. Kwatanta, amma kada ka kuskura ka zaɓa

Manhajojin gina shafi sun yi yawa, wannan rahama ce gare ka. Ta kyauta ka ce tana liƙa talla. Ta kuɗi ka ce tsada. Mai sauƙin aiki ka ce ta yara ce, mai wuya kuma ka ce ai kai ba injiniya ba ne. In ka ci karo da wadda ba ta da aibi, kada hankalinka ya tashi, gangara ƙasa wurin sharhin jama'a. Ba za a rasa wani bawan Allah da ta ɓata wa rai ba. Riƙe maganarsa hannu bibbiyu.

Gemu ya ƙware a nan. Ya kalli bidiyon kwatance har datarsa ta ƙare, ya ari wayar madam ya ƙarasa.

3. Sha gwajin kyauta kamar ruwa

Yi rajista ko'ina, kowace da sabuwar kalmar sirri. Kada ka rubuta su. Mantuwa ma aiki ce, domin dawo da kalmar sirri na cinye safiya guda, kuma duk wanda ya leƙo zai same ka gaban kwamfuta da fuska a murtuke.

4. Rikice a kan suna da launi

Sunan da kake so wani ya riga ka, yi makokinsa yadda ya kamata. Daga nan koma kan launi. Gemu ya kira matarsa ta zaɓa tsakanin shuɗi biyu. Ta dafa ƙugu ta leƙa.

"Maigida, wallahi duk ɗaya ne."

"Haba, duba da kyau. Wannan shuɗin amana ne, wancan na kasuwanci."

"To wanne ne zai fitar min da katakwayen nan daga ɗaki?"

Ka ji irin tambayar da ke rusa bincike. Kada ka amsa. Ka ce kana jiran rangwamen ƙarshen shekara.

5. Kiyayi tambayar gaskiya

Wata rana na kusa da kai zai gano ka, nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa. Gemu na tsaka da auna salon rubutu madam ta zauna a bakin gado tana haki, ta ce, "Tsakani da Allah, tsadar shafin ce ta hana ka, ko tsoro kake ji?"

Amsar da na koya masa ita ce "tsada". Sai bakinsa ya kuɓuce.

"In na sa kuma ba wanda ya kula fa? Yanzu dai ko ba komai ina iya cewa ba su gani ba ne."

Tausayinsa ya kama ta. Ka ji tsoron mai tausayinka fiye da mai zaginka, shi ne zai taimake ka ba ka shirya ba.

6. Kada ka bar kwamfuta a buɗe ka tafi sayen fenti

Wannan shi ne babban mataki, kuma shi Gemu ya karya. Yana fita madam ta jijjuya zane-zanen, ta ɗauke su hoto da waya, a karkace ma, har babban yatsanta ya fito a wani. Ta danna manhajar farko da ta gani a buɗe, ta kyauta, ta zuba su, ta sa lambarsa, ta tura wa abokan aikinta adireshin shafin. Ruwan shayin da ta ɗora bai ma tafasa ba.

Gemu ya dawo ya ga ɓarna. Shuɗin ba na amana ba ne, ba na kasuwanci ba. A ƙarƙashin zanen da ya fi so, na hannayen marigayi babansa suna gyaran rediyo, ga tallan maganin basir yana ƙyaftawa.

"Kin kashe ni," in ji shi.

"Ka dai sha shayi tukuna."

7. In baƙuwar lamba ta kira, kada ka ɗauka

Ya ɗauka. Wata likita ce mai ƙaramin asibiti, tana neman zane na ɗakin jira, ta zaɓi uku. Sannan muryarta ta sauya, ta ce, "Malam, na hannayen nan fa? Babana ma mai gyaran rediyo ne. Haka yake riƙe sukundireba, da ɗan yatsa a ɗage. Na daɗe ina kallonsa na kasa wucewa."

Tallan basir kuwa ko ambatonsa ba ta yi ba.

Gemu ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, ya yi godiya cikin ladabi, ya shige banɗaki ya kunna famfo. Madam ta ce ruwan ya daɗe yana zuba, kuma da ya fito gemunsa ne kawai a jiƙe.

Daga nan na rasa ɗalibi. Wasu zanen sun tafi, wasu har yau ba wanda ya taya, kuma abin mamaki bai mutu ba. Sauran sun shige bayan kujerar falo, kaji ba su samu ko ɗaya ba. Gadon jariri ya shiga ɗaki. A samansa an rataye hannayen kaka, fuskarsu na kallon ɗaki.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In ka bi matakan nan ka tsufa da zane a bayan ƙofa, kai ka so. In kuma ka yi sake wani mai ƙaunarka ya nuna aikinka, baƙo ya gani ya tuna babansa, kada ka zo min da jajayen idanu, na gaya maka ka rufe kwamfuta. Mai ƙorafi ya aiko ta shafina. Yana nan tafe, launi kawai ya rage.