Lamba Ashirin da Bakwai, Mai Man Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Sani ba, ƙanin matata Rabi, ko da zan shekara ɗari a duniya. Har yau in na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san ba wanda ya yi mini, ni na yi wa kaina da bakina.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta boko a Tanut. Kun san halinmu mu malaman lakwal, da mutum ya riƙe alli shekara goma sai ya ɗauka ba abin da bai sani ba a duniya. Wata rana a lokacin hutun ƙarfe goma, abokin aikina Mushe Idi ya nuna mini wani abu a salularsa. Wata ƙungiya ce ke haɗa mai ɗan abin hannu da masu ƙananan sana'o'i da ke neman jari. Za ka ga jerin mutane, ba suna ba hoto, sai lamba da sana'a, don a rufa wa mai nema asiri. Ka zaɓi wanda ya kwanta maka, ka tura kuɗinka ta waya, bayan wata shida a maido maka da uwar kuɗi da kasonka na riba. Ba kuɗin ruwa ba ne, in an samu a raba, in an faɗi a yi haƙuri tare. (Wannan na ƙarshen kunnena bai ji shi ba sam, "a raba" kaɗai na ji.)

Na duba jerin nan kamar mai duban takardun jarrabawa. Mai walda, na wuce. Mai cajin waya, na ce yaro ne, zai sayi moto da kuɗina. Sai idona ya faɗa kan lamba ashirin da bakwai: mace, dattijuwa, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta fi shekara talatin tana sana'ar, tana neman jika hamsin, wato sefa dubu hamsin, ta sayi gyaɗa tun da kaka kafin ta yi tsada. Na buga cinya na ce wa Idi, "Ga tawa! Tsohuwa ba ta cin bashi, tana tsoron kabari." A take na tura.

To ga inda gizo ke saƙar. Kwana goma kafin wannan, Rabi ta same ni ina shan shayi, ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Baban Amina, Inna ce ke son ɗan jari, jika hamsin. Ba ita ta ce in faɗa maka ba, ni na ga halin da take ciki." Inna ita ce mahaifiyarta, surukata, tana Gangara, man gyaɗa ne sana'arta. Na marairaice fuska na ce albashi bai sauka ba, aljihu ya bushe ƙayau, ko na sabulu sai Allah. A zuciyata kuwa cewa nake, kuɗin da ya shiga gidan surukai ya shiga rijiya, da wane baki za ka ce a biya ka? Rabi ta ce, "Allah Ya hore," ta tashi.

Za ku ce, to kai mushe, jika hamsin can, jika hamsin nan, mai man gyaɗa can, mai man gyaɗa nan, ba ka haɗa lissafin ba? Wallahi ban haɗa ba. Ni da ke koya wa ƴaƴan mutane lissafi! A ƙasarmu ta Damargu kowane lungu ka shiga akwai tsohuwa mai matsar gyaɗa, ko a mafarki ban kawo ta a raina ba.

Wata shida suka cika, shiru. Sati ɗaya, shiru. Sati biyu, sai ga saƙo daga wakiliyar ƙungiyar, Madam Zainabu, wadda ke zagaya masu sana'ar ranar kasuwa: injin niƙa na garinsu lamba ashirin da bakwai ya lalace, ita ma ta yi jinya, tana roƙon a ƙara mata wata guda. Idi ya ce in yi haƙuri. Ina! Tsarin ya ba da dama ka aika wa wanda ka ba jari saƙon murya, wai don ƙarfafa gwiwa. Ni kuwa na gyara murya irin wadda nake yi wa ɗan aji in bai yi aikin gida ba, na danna:

"Lamba ashirin da bakwai, ki ji tsoron Allah, tsohuwa! Kuɗin nan da gumina na samo su, ba tsintar su na yi ba. Ba ki da ƴaƴa ne? Ba ki da surukai? Su biya miki mana!"

(Eh, haka na ce. Surukai. Da wannan bakin nawa.)

Saƙo uku na aika a sati guda, kowane ya fi na baya yaji. Kafin sati ya zagayo kuɗina suka faɗo cif, har da riba jika shida. Na je na tsaya kan Idi ina yi masa darasi, na ce ka gani, mutanenmu sai da tsawa.

Bayan wata guda aka sa auren Sani. Muka tafi Gangara, ni da Rabi da yara, na sha babbar riga, na kafa hula. Tun daga bakin kasuwa na lura mutane na kallona wani iri. Wani mahauci ya ɗaga mini hannu yana dariya, wasu mata biyu suka rufe baki da mayafi. Na ce a raina rigar ce, shaddar ta yi kyau.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, muka zauna a ƙarƙashin rumfa, maza sun kai talatin, har da Kawu Mamman, yayan Inna, wanda shi ya ba ni auren Rabi. Aka kawo tuwon gero da miya. Na sa hannu, na laluba dama, na laluba hagu, ko ƙashi babu. Sani abokin wasana ne, ƙanin mata ai, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Ango, ina ragon da Inna ta shekara tana turke maka? Ko shi ma ya tafi cin rani?"

Ba wanda ya yi dariya. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni sai na ga ai dama ce ta wayar wa mutanen karkara da kai. Na fito da salula, na shiga ba su labarin zuba jari na zamani, yadda kuɗi ke haihuwa kana zaune. Na ce sai dai fa ka zama namiji. Na ba su labarin wata tsohuwa da ta so ta cinye mini jika hamsin, da yadda na murɗe mata kunne har ta amayo su. Don labarin ya yi armashi har na kwaikwayi muryar tawa: "Ki ji tsoron Allah, tso..."

Sai wani dattijo daga ƙarshen tabarma ya ƙarasa mini, a hankali, ba ko murmushi: "Ba ki da ƴaƴa ne? Ba ki da surukai?"

Na juya na dube shi. Na ce, "Baba, a ina ka ji wannan?"

Kawu Mamman ya suɗe yatsunsa, ya dube ni, ya ce, "Mushe, duk kasuwar Gangara ta ji. Ƙanwata ba ta riƙe waya. Yarinyar nan ta ƙungiya mai zuwa da moto ita ke kunna mata saƙo a rumfarta, kuma kunnenta ya yi nauyi, sai an ƙure murya. Sau uku. Tun kalmar farko ta gane mai maganar." Ya nuna kwanon da ke gabana. "Ragon da kake cigiya kuwa, yana cikin aljihunka. Ta ce gara a yi bikin ɗanta da miya lami, ba nama, da a ce surukinta na bin ta bashi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙarya ake ba. Kunnuwana suka yi ɗif. Hannuna na cikin miya, na kasa cire shi, na kasa kai shi baki. Matar da shekara goma sha biyu ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, in na hango ta a hanya sai in tuɓe takalmi in tsuguna, ita na kira tsohuwa a tsakiyar kasuwa, ranar kasuwa, sau uku! Sai kuma wani abu ya faɗo mini: duk watannin nan, kowane sati sai direban kasuwa ya sauke mana kwalbar man gyaɗa da ƙullin ƙuli-ƙuli, saƙon Inna ga jikoki. Da man ake soya mini wainar da nake ci kafin in ɗauki waya in zage ta.

Ban san yadda na miƙe ba. Na sami Rabi a bayan gida wajen tukwane, na ce, "Kin sani?"

Ta ci gaba da kwashe tuwo, ba ta ɗago ba. "Tun saƙon farko."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Inna ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba. Wai kada ka ji kunya." Sannan ta ɗago ta dube ni. "Ashe albashin ya sauka, Baban Amina."

Wannan ta fi mari ciwo. Na ja ƙafa zuwa ƙofar ɗakin Inna, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa har gwiwar rigar ta sha ƙasa. Na buɗe baki, duk faransancin da hausar suka gudu. Daga bayan labule ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi hanya, ta tambayi aiki. Sai ta kira Rabi, don ba za ta faɗa mini kai tsaye ba, ta ce:

"Tambayi maigidanki, kuɗin sun cika ko da saura?"

Na fashe da kuka, ƙato da ni, da gemu, mata na leƙe ta kan zana.

Ranar kasuwa ta gaba na sayi rago jika saba'in na kai. Ta karɓa, ta turke shi, da layya ta aiko mana da shi ya yi ƙiba, wai na jikoki ne. Ko wannan ƙofar ta rufe mini. Da kaka ta yi, na ba Rabi jika hamsin a hannu, ba lamba, ba wata shida, na ce ta san yadda za ta yi Inna ta karɓa. Sai da Kawu Mamman ya sa baki.

Har yanzu ina zuba ɗan abin da ya samu a tsarin nan, ba laifinsa ba ne, ya taimaki mutane da yawa. Sai dai na daina aika saƙon murya, ko na barka da salla. Kuma kafin in buɗe waya in nemi mabuƙaci mai lamba, nakan fara tambayar Rabi ko akwai mai suna a gida. A Gangara kuwa an riga an raɗa mini nawa sunan. In na sauka daga mota, mahaucin nan sai ya ɗaga wuƙa daga nesa ya ce, "Mushe Ki-ji-tsoron-Allah, an iso lafiya?" Ni kuma sai in amsa. Da wane bakin zan ƙi?