Gemun Santa Ya Rasu a Fuskata

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yau ya ƙi sauka, ni Nicanor Bongalon na unguwar San Roque a garin Tabaco, a madadin matata Minda da ke aikatau a Hong Kong, da mahaifiyata Lola Pacing, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar abokin zamanmu, Farin Gemu. Ya cika ranar Asabar da la'asar a filin ƙwallon kwando na unguwa, ana tsakiyar bikin Kirsimetin yara. Ya rasu a bakin aiki, ɗaure a fuskata. Duk taron nan babu wanda ya lura sai ni da 'yata Isay.

An haifi marigayin a bayan gidanmu, a hannun mahaifina, tun ina yaro. Da zaren abaka, wata shuka mai kama da ayaba, aka yi shi, zaren nan da muke ja ta ƙarƙashin wuƙa mu shanya a rana, wanda da shi duk yankinmu ke cin abinci. Mahaifina ya ware mafi fari, wanda ya kamata ya kai wa dillali, ya taje shi da matajin mahaifiyata, ya ɗinke shi a jikin tsumma, ya sa masa roba. Lola Pacing har gobe ba ta yafe matajin nan ba. Tun daga shekarar, duk Kirsimeti mahaifina kan ɗaura shi ya zama Santa, tsohon nan mai jajayen kaya da ke kawo wa yara kyauta. Da mahaifina ya rasu na gaji gemun, kamar yadda na gaji gonar da ciwon baya.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. An ja shi, an shafa masa majina, jarirai sun yi masa tumbuɗi, ya sha gumina a ranar da ko kare ba ya fita, bai taɓa kai ƙara ba. Ba mai yawan magana ba ne. In na juya kai yakan ce shuu, a hankali. In yaro mai ƙarfin hali ya ja shi ya saki, robar ta ce tas a bayan kunnena, shi ke nan faɗansa. Dariyar da nake yi a bayansa kuwa, sai ya tace ta, ta fito da kauri, ho ho ho, muryar wani dattijo da ban sani ba. Babbar baiwarsa ita ce yara na yarda da shi. Abin da yaro ba zai gaya wa ubansa ba, sai ya hau cinya ya raɗa wa gemu.

Haka 'yata ta yi. Tana da shekara huɗu uwarta ta tafi. A gida Isay ba ta taɓa tambayata yaushe Mama za ta dawo ba. Tana ganinta a waya ran Lahadi, ta yi mata waƙa, ta nuna mata haƙorin da ya faɗi, a kashe waya ta tafi ba kaji tsaba. Amma Kirsimetin farko da ta hau cinyar Santa, sauran yara na roƙon keke da 'yar tsana, ita sai ta cusa fuska cikin gemun ta ce, "Ka kawo min Mama."

Marigayin ya amsa mata, "Baɗi, in kin yi biyayya."

Ina so a rubuta cewa shi ya faɗa, ni baki kawai na ara masa. Ta yi biyayyar kuwa. Tana wanke kwano ba a sa ta ba, tana tausa wa kakarta ƙafa, ko kuka ba ta yi da ƙarfi. Da shekara ta zagayo ta sake roƙo, ya sake cewa baɗi. Bara kuwa ya faɗa da ƙarfin gwiwa, don mun san kwantiragin Minda bana zai ƙare.

Ciwon ajalinsa ya soma ne da damina. Ya fara rawaya, ya fara zuba, danshi ya sa masa wari. Wannan duk da sauƙi, an wanke shi an shanya. Ciwon gaske daga bakin Isay ya shigo, yanzu da ta doshi takwas. Wata rana muna cin shinkafa da busasshen kifi ta ce, "Papa, me ya sa duk lokacin da Santa zai zo kai sai ka tafi sayen ƙanƙara?"

Na ce, "To wa zai sanyaya muku lemo?"

"Kuma ba ka taɓa dawowa da ƙanƙarar ba."

"Narkewa take a hanya. Ci abincinki."

Bayan kwana biyu ta tambayi kakarta me ya sa Santa ke warin man zafin da Papa ke shafawa a baya. Lola Pacing ta ce, "Ke 'yar nan, kin cika bin diddigi kamar mai karɓar haraji. Duk tsoho haka yake wari, zo ki shinshina ni." Sai kuma Isay ta zo min da maganar silifa, wai a hoto takalmi ne dogo a ƙafar Santa, me ya sa namu ke sa silifa. Na ce zafi ne ya dame shi. Ta dube ni, ta dubi ƙafata.

Na gaya wa Minda a waya cewa gara mu faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Nicanor, don Allah ka bar min ita shekara ɗaya tak. Ban ga faɗuwar haƙorinta ba, ban kai ta makaranta ranar farko ba. Kada wannan ma ya wuce ba na nan." Na ce to. A wannan kiran ne ta sanar da ni ɗaya maganar. Guguwar watan jiya ta kwashe mana rabin rufi, ta kwantar da abaka kaf, kuma abaka in ta kwanta sai an yi shekara biyu ana jira. Minda ta sa hannu a sabon kwantiragi. Shekara biyu.

Guguwar nan kuma ita ta tafi da fararen safar hannun Santa, ban gaya wa kowa ba don ban ɗauke ta a bakin komai ba. Minda ita ma ta yi nata maganin ba ta gaya min ba. Ta ce wa Isay, "In kina shakka, ki je ki gaishe shi kamar yadda ake gaida manya. Ki kama hannunsa ki ɗora a goshi, za ki ji mutum ne mai jini a jika." Likitoci biyu muka taru a kan mara lafiya ɗaya, kowa bai san abin da ɗan'uwansa ya ba shi ba.

Ranar Asabar na zauna a kujerar roba a ƙarƙashin kwandon ƙwallo, buhun alewa a gefe, yara sun yi layi har bakin titi. Da aka zo kan Isay ba ta hau cinya ba. Ta tsaya, ta sunkuya cikin ladabi, ta kama hannuna na dama ta kai goshinta. Hannun da wuƙar abaka ta cire wa kan yatsan tsakiya. Hannun da take ɗorawa a goshin nan kullum da yamma in na dawo gona, tun kafin ta iya magana. Ta riƙe shi ya fi yadda ake riƙewa. Na ji babban yatsanta yana shafa dungulmin.

Ba ta ja gemun ba, ba ta yi ihu ba. Ta matso kusa da kunnena yadda sauran yara ba za su ji ba, ta ce, "Papa."

A nan ya cika. Na ji shi ya koma zare a fuskata, mai ƙaiƙayi, mai warin danshi. Ta karɓi alewarta ta ce na gode Santa da ƙarfi, ta wuce. Ni kuwa sai da na ƙarasa layin nan da gawa ɗaure a haɓata, ina ho ho ho, muryar tawa ce ke fitowa tsirara.

Na shirya wa fushi. Duk hanyar gida ina tsara yadda zan ba ta haƙuri in ta ce mun yi mata ƙarya. Na same ta a bakin ƙofa tana ɓare alewa, fuskarta fes. Ta ce, "Papa, ashe kai ne tun da can?"

Na ce, "Ni ne, Isay."

Ta yi ajiyar zuciya, irin ta wanda ya sauke tulu. "Wayyo, na ji daɗi. Kullum ina tsoron ya manta, yaran duniya sun yi masa yawa, kuma ga shi tsoho. Tunda kai ne ai ba za ka manta ba. Kai ka ce bana."

Na shiga ɗaki na kwance gemun na shimfiɗa a kan gado. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma yi masa kuka. Shekara uku yana ɗauke da alkawarin nan a madadina, da nauyin ya isa sai ya mutu ya bar min.

Marigayin ya rasu ya bar jar riga guda wadda hammatarta ta yage, da hula, da ɗamara, da ƙararrawa 'yar ƙarama wadda tun ranar ba ta ce uffan ba, da buhun shinkafar da ake zuba kyauta. Ya bar tsohuwa ɗaya da ke cewa tun farko ta san matajinta a banza ya tafi, amma na gan ta tana shafa gemun a ɓoye. Ya bar yaran unguwa masu yawa da ba su san ya mutu ba, muna roƙon kada a gaya musu. Shugaban unguwa ya yi min ta'aziyya, ya ce baɗi za a sayo na kanti, na auduga. Na gode masa, na ce a nemo wata fuskar ma.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe uku, a bayan gida, gindin kwakwar da guguwa ta bari. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar kyandir, kuma ba za a raba abinci ba. An zaɓi Lahadi ne don ita ce ranar hutun Minda. Da ƙarfe huɗu za ta kira, mu gaya wa yarinyar maganar shekara biyun nan, ni da ita, ba komai a fuskata. Saboda haka muna roƙon masu zuwa ta'aziyya su taimaka su watse kafin lokacin.

Isay ce za ta ɗauki gawar, a kwalin takalmi. Ta roƙa a bar ta ta sa farar rigarta, wadda take ajiyewa don ranar tarbar Mama a filin jirgi. Ta ce so take ta gwada ta gani ko rigar za ta kai ranar, don ta fara matse ta a kafaɗa.