Rasuwar Kaset ɗin Holan na Gidan Malam Sirajuddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Hamna Sirajuddeen ta unguwar Majidaɗi nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar dattijon gidanmu, Kaset ɗin Holan. Ya cika jiya Laraba da hantsi a shagon Tobias mai gyaran rediyo, bayan doguwar jinya, yana da shekara talatin da tara. Har yanzu mahaifina bai sani ba. Don girman Allah, wanda ya karanta wannan takarda ya kama bakinsa.

An haifi marigayi a shekarar 1986, lokacin da ofis ya tura Baba kwas na wata tara a ƙasar Holan, ya bar mahaifiyata Dada da ni a goye. A zamanin ba waya, sai mutum ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko gida. Da saƙon ya iso, Dada ta yi kwalliya, ta kulle ɗaki, ta danna rikoda tana jiran kalamai masu sanyaya rai. Sai ga mijinta yana ba ta tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin da ya sauka, minti sittin cur. Har ta koma ga Allah ba ta yafe masa ba, kuma ba ta taɓa barin kowa ya taɓa kaset ɗin ba.

Ƙungiyar ma ba wata babba ba ce, 'yar rukuni na biyu ce, mai sunan da sai ka yi kaki kafin ya fita. Mai gidan da Baba ya zauna, wani tsoho mai gadin ƙofar filinsu, shi ya riƙa faɗa masa tarihin, shi kuma yana mayarwa Hausa. Ma'aikatan wata masaƙa suka kafa ta, suna buga ƙwallo a fadama bayan an tashi aiki. Da ƙwallo ta zama sana'a a ƙasar, suka haɗe da abokan gabarsu na ƙetaren gada, shi ya sa rigarsu rabi kore ce rabi fari. Sau ɗaya tak suka hau rukuni na ɗaya, suka sha kashi shekara guda, suka dawo inda suka fito. Kofi kuwa, ko na shan shayi ba su taɓa ɗauka ba.

Marigayi ya kasance mai haƙuri, mai riƙon amana. Bai taɓa ƙara wa ƙungiyar nan ci ko ɗaya don faranta mana ba. Za mu yi kewar "sssss" ɗinsa na farawa, da tarin Baba sau biyu, da ihun 'yan kallo, "Hoooo!", da Baba ya ɗauko a fili ranar wani wasa da aka tashi babu ci.

Amma babban alherinsa ya bayyana ne shekara uku da suka wuce, da mantuwa ta kama Baba. Ya manta ofishinsa, ya manta hanyar masallaci, ya manta Dada ta rasu. Ni da nake dafa masa kunu nake wanke masa kaya, da safe yakan gaishe ni kamar baƙuwa. Sai bayan la'asar in kunna marigayi. Baba ya gyara zama, bakinsa na bin kowace kalma, har a zo ƙarshen gefe na biyu, inda muryarsa ta samartaka ke cewa: "Ki gaishe min da Hamna. Ta fara tafiya?" A nan yake juyowa ya dube ni, ya kira sunana. Sau ɗaya a rana nake samun uba, kuma marigayi ne ke kawo min shi.

Jinya ta daɗe. Sau uku zarensa na tsinkewa, ina haɗawa da jan farce, ina naɗewa da biro. A tiyata ta biyu shekarar da ƙungiyar ta faɗo daga rukuni na ɗaya ta ɓace, Baba bai ko nemi ba'asinta ba. Ƙanena Khalifa, da ke aiki a garin Lau, ya yi ta min magana in kai a juye shi a waya. Tsoro ya hana ni fitar da shi daga gida. Jiya na yi ta maza na kai shi wurin Tobias. Na'urar juyawar ta ja shi ta ce "ƙurrr", ta tauna, ta tofo shi kamar taliyar da ta daɗe a wuta. Tobias ya yi awa biyu a kansa da ɗan tsinke, gumi na ɗiga, sannan ya cire tabarau ya girgiza kai. Ba laifinsa ba ne. Ni na yi jinkiri har zaren ya ruɓe.

Jiya bayan la'asar na ce wa Baba batir ya mutu. Ya yi min godiya cikin ladabi, ya tambaye ni ko ni 'yar gidan wa ce.

Marigayi ya bar rikoda ɗaya, yanzu gwauruwa, da kwalinsa mai tsagewa, da biro shuɗi, da tsoho ɗaya wanda bai san an yi rashi ba, da ni.

Za a yi jana'iza yau Alhamis bayan la'asar a tsakar gidanmu. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar ta'aziyya a gaban Baba. Khalifa ya taso daga Lau, muryarsa irin ta Baba ce. Zai zauna bayan labule kusa da rikodar, ya karanta tarihin da na rubuta masa daga ka, har da tarin sau biyu. Ana roƙon masu halarta su tsaya a zaure, in na ɗaga hannu su ce "Hoooo!" da ƙarfi.

Daga nan Khalifa zai tambaya ko Hamna ta fara tafiya. Idan Baba ya juyo ya kira sunana, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Idan bai juyo ba, don Allah kada kowa ya tafi ya bar ni.