Ranar Da Na Yi Wa Bijimi Fito

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa bijimi fito a mayankar garinmu ba, duk da na so ƙwarai a ce na manta. Ni mahauci ne a Batsari, fawa gadon gidanmu ce, kuma a da in ana maganar kayar da sa, sunana ake fara kira. In murɗe wutsiya, in zabga masa sanda, in finciki igiya, sai ka ji shi rim a ƙasa ana yi min kirari.

Sai Allah ya haɗa ni da taubashina Lawali, ɗan kawuna da ya taso yana kiwo cikin Fulanin Babban Duhu. Shi ba duka, ba ihu. Zai ba sa ruwa, ya yi masa fito a hankali, ya sosa masa wuya yana 'yan maganganu da Fillanci, sai ka ga ƙaton bijimi yana bin sa kamar tunkiyar gida. Naman kuma fes, ba inda jini ya kwanta, har masu tsire suka koma cewa a ba su "na Lawali". (Na Lawali! Sai ka ce shi ya haifi san.)

Ana nan wata likitar dabbobi ta zo, ta nuna mana a waya yadda a wasu ƙasashe ake sumar da dabba kafin yanka don kada ta wahala. Sarkin Fawa ya ce wannan sai malamai sun yi magana, amma tausaya wa dabba dama addini ya yi umarni. Likita ta ce za a tura mutum ɗaya horo Katsina, ya dawo ya shugabanci masu kayar da shanu, kuma ranar kasuwa za ta duba aikin kowa ta zaɓa. Wato in aka ɗauki Lawali, ni da na riga shi riƙe wuƙa zan koma yaronsa.

Na shiga leƙen yadda yake yi. A gida na dinga gwada fito, har matata ta ce in daina kira mata aljanu.

Ranar kasuwa aka kawo wani jan bijimi daga garin Zakka. Na yi wuf na riga kowa, rigata jina-jina da jinin awakin da na feɗe da safe, ga wuƙa soke a ƙugu. Lawali ya raɗa min cikin wasan taubasai, "Bawana, canza riga tukuna." Na ɗauka baƙin ciki yake min, na ce ya ji da tasa.

Na tura baki na soma fito, na miƙa hannu zan sosa wuya. Bijimin ya shinshina ni sau ɗaya, ya yi wani huci, ya zabura. Igiya ta naɗe min ƙafa, ya ja ni a ƙasa ta gaban likita, ta gaban masu tsire, bai sake ni ba sai cikin ramin da ake zubar da kashin tumbi. A nan na suma.

Da na farfaɗo, Lawali ya riga ya lallashi san, ya dawo yana sheƙa min ruwa. Sarkin Fawa kuwa cewa yake, "Likita, kin ga mu ma muna da sumarwar, sai dai a nan sa ne ke sumar da mahauci."

Daga baya na gano Lawali yana da riga wankakkiya rataye a bishiyar bedin da ke bayan mayanka. Sai ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya canza riga kafin ya tunkari dabba, don ba ta son warin jini. Ban taɓa ganin wannan ba, domin inda ake yabonsa kawai nake zuba ido.

Shi aka tura Katsina. Abin da ya fi ƙona min rai, da ya dawo shi da bakinsa ya roƙi Sarkin Fawa a ba shi ni mataimaki, ya hana ni ko dalilin yin fushi. Yanzu ni ke ɗaukar bokitin shayar da shanu. Darasin da na koya: in za ka kwaikwayi wanda kake wa hassada, ka fara kallonsa tun daga bayan fage, ba sai ya fito fili ana tafa masa ba.