Haƙora a Randar Inna

Ba zan taɓa mantawa da shekarar farin da na zo gida Turba neman haƙora ba. A jami'a akwai na'urar da muke haska haƙori da ita, da wani haske da ido ba ya gani, sai ta zana layi mai nuna yadda ruwan cikin haƙorin ya zauna. A kan wannan nake rubuta kundin digirina. Sharaɗi ɗaya malamina ya gindaya: haƙorin da ya bushe ya tashi aiki.

Sati uku ina zarya wurin wani wanzami mai cire haƙori a kasuwar Isa kafin na tara ashirin. Na zuba su a kwalba da ruwa. Ga zafi, ga babu firji, sai basirata ta ba ni in nutsa kwalbar cikin randar Inna (ban gaya mata ba, don na san amsar). Ruwan nan kuwa sai an yi sammako da jaki ake samo shi.

Ashe murfin bai kama ba.

Washegari Bappa, yayan mahaifina, ya iso daga Tozai a ƙasa. Ni da kaina na ɗebo masa a moɗa, har da durƙusawa. Ya kafa kai ya sha, ya dakata, ya tofo wani abu a tafin hannu.

"Ke ɗiyag ga," in ji shi, "ni ba ni da haƙori ko guda. Wanga na wa na?"

Na ji kamar in nutse. Inna ta leƙa randa, ta yi salati, ta ce a kifar. Na rungume randar nan ina roƙo, na zura hannu har kafaɗa ina lalube, maƙwabta sun cika gida ana cewa boko ya kai ni ga tsafi. Duk da haka na miƙa wa Bappa hannu.

"Bappa, don Allah ba ni shi kahin ya bushe."

Sha tara na samu, har da na hannun Bappa. Na ashirin, har yau Bappa ne kaɗai ake zargin ya haɗiye shi. Ruwan ya tafi ga awaki, ni kuma kwana goma ina bin jaki rijiya.

Na gama kundina da sha taran, na kuma koyi cewa kafin ka san yadda ruwa ke zama a haƙori, fara sanin na waye ruwan. Inna dai har ta rasu, in na zo gida, butata daban.